Hutu ya zo, aljihu ba nauyi: zan iya yin baƙunta a Bauchin da aka haife ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, a Bauchi aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake aiki. An ba ni hutun mako biyu, na so in ɗauki iyali mu je Kano ko Abuja, amma da na lissafa kuɗin mota da masauki sai na ga abin ya fi ƙarfina. Wani abokina ya ce in yi yawon buɗe ido a cikin gari kawai, na yi masa dariya, don ban ga abin da ya rage ban gani ba a Bauchi. Yankari ma na je tun ina makaranta. Da gaske akwai yadda mutum zai zaga garinsu ya ji kamar ya yi tafiya, ko dai rarrashin kai ne kawai?" Wani mai karatu daga Fadaman Mada

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa: ko akwai abin da ya rage a Bauchi wanda haifaffen garin bai gani ba, sannan ko ganin nasa zai ba shi irin daɗin nan da matafiyi yake ji. Ta farkon amsarta e ce, babu ko tantama. Ta biyun kuwa ya danganta da yadda ka fita. Ni aikina koyar da labarin ƙasa ne a sakandare, kuma da yake ba kullum ake samun kuɗin motar da za ta kai yara nesa ba, na daɗe ina fita da ɗalibaina cikin gari a ƙafa. Abin da zan faɗa maka daga can na samo shi.

Kafin in fita da sabon aji nakan raba musu farar takarda in ce kowa ya zana mini Bauchi da ka. Abin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne: gidansu, makaranta, masallacin Juma'arsu, kasuwar Wunti ko Muda Lawal, da titi ɗaya ko biyu da suka haɗa su. Sauran takardar fari fat. Yaron Yelwa bai san lungunan Jahun ba, na Jahun kuma in ka ce masa Gwallameji sai ya ce "can wajen Poli", wato kwalejin kimiyya da fasaha, iyakar saninsa ke nan. Na gwada wa abokan aikina malamai, taswirarsu ba ta fi ta yaran da komai ba sai banki da sakatariya. Kai ma ka gwada yau da daddare, ka sa uwargida ta zana tata daban. Inda takarda ta zauna fari, nan ne ƙasar da za ku tafi hutu.

Me ya sa baƙo ya fi ɗan gari gani?

Baƙo bai san hanya ba, dole ya ɗaga kai. Kai kuwa ƙafarka ta haddace hanya, daga gida zuwa ofis ko ido rufe za ka je, shi ya sa idon ya ajiye aiki. Ga shi yawancinmu a kan mashin ko cikin Keke Napep muke ratsa gari, hankali na kan waya ko kan canjin da za a ba mu. Sannan baƙo ba ya jin kunyar tambaya. Mutumin Sakkwato zai tsaya ya ce, "Baba, me ya sa ake kiran nan Ƙofar Ran?" a zaunar da shi a ba shi labari har da ruwan sha. Kai in za ka yi tambayar sai ka ji nauyi, kar a ce ɗan gari guda da kai ba ka sani ba. To ba ka sani ba ɗin, kuma galibi mai yi maka dariyar ma bai sani ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A garuruwanmu ba a yawo haka siddan. Magidanci ya shiga unguwar da ba tasu ba, yana tafe yana ɗaga kai yana kallon gidajen mutane, ba zai yi nisa ba wani zai tare shi: "Malam, wa kake nema?" Kuma suna da gaskiya, ganin halin da ake ciki na tsaro. Saboda haka duk wasan da zan ba ka, ka haɗa shi da uzurin da mutane suka sani: sayayya, gaisuwa, ziyarar dangi, ko rakiyar yara aikin makaranta. Yaranka su ne babban kariyarka a nan. Mutumin da ya zo da 'ya'yansa biyu riƙe da littafi da biro, ya yi sallama a majalisar dattawa ya durƙusa ya gaida su kafin ya tambayi komai, ba wanda zai yi masa kallon ɓarawo. Har ma a tashi yaro a ce ya raka ku.

Farautar ganuwa

Wannan shi ne wanda na fi so, kuma da shi zan ce ka fara. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta, shi ya kafa garin nan a 1809 bayan zaman da ya yi a Inkil. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, yamma da dutsen Warinje, daga nan garin ya samo suna. Aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Yau gidaje da tituna sun cinye mafi yawanta, abin da ya rage a bakin kowa shi ne sunayen ƙofofi: Wunti, Nassarawa, Ran, Idi, Dumi, Jahun, Wase, Tirwun, Inkil, Wambai. Muna faɗin su kullum a matsayin inda za a sauke mu, ba ma tuna cewa a da nan ne ƙarshen gari, bayan nan sai gonaki da daji.

Wasan shi ne ku zagaya tsohon gari ta bin layin da ganuwar ta bi, daga ƙofa zuwa ƙofa, a ƙafa. Doka ɗaya ce: ba buɗe taswirar waya. In kun isa ƙofa, sai ku nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ya nuna muku da hannu ta inda ganuwar ta wuce, ku bi har inda bayaninsa ya ƙare, ku sake tambaya. Matambayi dai ba ya ɓata. Ka raba shi safiya uku ko huɗu, ku fita bayan sallar asuba ku dawo kafin rana ta yi zafi.

Ga abin da za ku riƙa dubawa. Titin da ya lanƙwasa ba gaira ba dalili, sau da yawa wani abu ya kauce wa wanda yanzu babu shi. Kududdufi a tsohuwar unguwa yawanci ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, ruwa ya zo daga baya ya zauna. In kun ga bayan wani gida ya hau kan tudun ƙasa da ya ɗara na maƙwabta, awaki na kwance a kai, ruwan sama ya zaizaye gefensa har ana ganin tsakuwa da tsingaro a ciki, ku tsaya ku tambaya. Sannan ka sa yara su lura da inda tsarin unguwa yake canjawa: ta ciki lunguna ne masu murɗewa, zaure na kallon zaure, wani lungun ma ka shiga sai ka dawo da baya, ta waje kuwa filaye ne da aka yanka da awo, layi a miƙe. Ko da babu ƙasar ganuwa ko dunƙule ɗaya, wannan canjin zai gaya maka ka fita daga garin Yakubu ka shiga garin da aka gina bayan zuwan Turawa a 1902, ko ma wanda ya bunƙasa bayan an ƙirƙiri jihar a 1976.

Daɗin abin yana wurin saɓanin dattawa. Wannan zai ce ta bayan masallaci ta bi, wancan ya ce a'a, shi da idonsa ya hau kanta yana yaro kuma ta gaba take. Kar ka raba musu gardama. Ku rubuta duka biyun, domin a cikin musun nan ne za ka ji sunan wanda ya fara gina gida a wajen ƙofa, da shekarar da aka yi wani babban ruwa, da inda ake ɗaure dawakin fada.

Bari murfin kwalba ya zaɓa

In ka bar wa kanka zaɓi, inda ka saba za ka koma. Don haka ka rubuta sunayen unguwannin da ba ka taɓa takawa da ƙafa ba a 'yan takardu, irin su Bakaro, Karofi, Ilela, Zango, Doya, Dutsen Tanshi, Gudum, Miri, Birshi, ka zuba a hula autanku ya zaro ɗaya. Ku hau keke a sauke ku a can. Daga nan sai murfin kwalbar lemo ya karɓi jagoranci: duk mararrabar da kuka iso a jefa shi, in ya faɗi a buɗe dama, in ya kife hagu. Ku yi haka na awa ɗaya, sannan ku nemi hanyar gida da tambaya. Uzurinku kuma shi ne sayayya: kowa a ba shi 'yan canji ya sayo abu ɗaya da ba a sayarwa a unguwarku. Yara sun fi manya jin daɗin wannan, amma ina ganin manyan ne suka fi buƙatarsa.

Bi sawun masa

Ba a zancen Bauchi a bar masa, sai dai kusan kowa mai masarsa ɗaya ce, wadda ya gada tun daga gidansu. Ku yi gasa. Kowace safiya unguwa daban, mai masa daban, kowa da takardarsa yana ba da maki. Ku ci a wurin, kar ku ƙulla a leda ku kai gida, domin rabin abin a kallo yake: yadda take shafa mai a gurbin tanda, ta ɗebo ƙullu da ludayi ta zuba ba tare da ta duba ba, ta bar shi har gefen ya yi ja ya fara ɗagowa da kansa, sannan ta sa ƙarfe ta juya shi da bugu ɗaya tana ba wani canji da ɗayan hannun. Za ku tarar wata tata ta fi tsami don ƙullunta ya daɗe da kwana, wata ta fi laushi, wata kuma masar ba wani abu ba ce amma miyar taushenta ce ke tara mutane. A ƙarshen mako ku haɗa maki ku naɗa sarauniya. Za a yi rigima a gida, ina gaya maka tun yanzu.

In kana son ka zurfafa, ka bi abin baya. Tambayi mai masar a ina take sayen shinkafa, ka je wurin mai shinkafar ka tambaye shi daga wane gari ake kawo masa. Wannan zai kai ka Muda Lawal da sanyin safiya, lokacin da ake sauke kayan gwari daga motoci, 'yan dako na gudu da kwanduna, dillalai na ciniki kafin masu sayen ɗaiɗai su fito. Kasuwar da ka sani da rana daban take da wadda ke ci a wannan lokacin. Haka za ka iya yi da ruwan famfo: ka ɗauki yara ku je su ga madatsar ruwa ta Gubi, su san daga inda ruwan da suke wanka da shi yake tasowa.

Ɗauki kaka ta zama jagora

Wannan ba ya buƙatar komai sai shatar keke na awa biyu. Ka ɗauki tsohuwar gidanku, ko kawu, ko wani dattijon maƙwabci, ka ce ya kai ku Bauchin da ya sani yana saurayi. Kar ka tsara hanya, shi zai riƙa cewa a tsaya nan, a juya can. Zai nuna maka shago ya ce a nan rijiya take, ya nuna gidan mai ya ce nan gonar wane ce. Ka roƙe shi ya kai ku tashar jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe ya kai Maiduguri a 1964, kuma duk wanda ya haura shekara sittin yana da labarin jirgin nan: wanda ya tafi da shi, wanda ya dawo da shi, kayan da aka yi lodi. Ka kunna rikoda a wayarka in ya yarda. Nan da wasu shekaru wannan muryar za ta fi duk hoton da za ka ɗauko a Abuja daraja a wurin 'ya'yanka.

Da irin wannan rakiyar ce za ka iya leƙa Tirwun ko Inkil. Malam Yakubu Bageri ne, wato ɗan ƙabilar Gerawa, kuma harshen Gerawa yana ja da baya domin yara sun koma Hausa. In ka samu dattijon da ke jin yaren, ka sa ya koya wa yaranka gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma. Haka in kana da abokin aiki Basayi ko Bajari, ka ce ya gayyace ku gidansu cin abinci, ku ma ku rama masa. Mutum ya ji yaren da bai iya ba, ya ci miyar da bai saba ba, ai ya yi tafiya, ko da kuɗin keke kawai ya biya.

Wuraren da kowa ya sani, ba kowa ya shiga ba

Zan iya rantsuwa da yawan masu wucewa ta gaban kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kullum ba su taɓa shiga ba. Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, a nan cikin gari yake kwance, kuma ginin da aka yi a wurin, wanda aka buɗe a 1979, an tsara shi ne don ya yi magana. Za ka shiga ta wata hanya mai duhu, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ka fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe babu rufi. Masu kula da wurin za su fassara maka duhun da zamanin mulkin mallaka, hasken kuma da samun 'yanci. Akwai ɗakin da aka ajiye hotuna da wasu kayayyakinsa. Ni nakan hana ɗalibai jin bayanin tukuna, in sa su ratsa shiru, kowa ya faɗi abin da yake ganin magini yake nufi, sannan jagora ya yi magana. Ku yi masa addu'a kafin ku fito.

Daga nan sai wasan sunaye. Duk titi ko makaranta da kuka gani da sunan mutum, a rubuta, a dawo gida a binciko ko wane ne. Za ku ci karo da Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya da ya rasu a 1958, wanda tare da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, suka riƙa tayar da muhawara a garin nan a shekarun 1940, tun kafin jam'iyyun siyasa su kafu a Arewa. Za ku ci karo da Abubakar Tatari Ali, gwamnan farar hula na farko daga 1979 zuwa 1983. In kuma hutunka ya dace da ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ke wasa a gida, ka kai yaran filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka gaya musu cewa an buga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matasa a wannan filin har sau biyu, a 1999 da 2009.

Inda abin ya tsaya

Ba zan ce maka wannan zai maye gurbin tafiya ba. Akwai hutun da mutum ke samu don kawai ya yi nisa da masu nemansa, kuma a Bauchi duk inda ka shiga sai wani ya gane ka ya tuna maka da ɗaurin aure ko bashi. Abin da za ka iya yi shi ne ka kashe waya na 'yan awannin da kuke waje. Sannan ni da ɗalibai nake fita, da rana, cikin kayan makaranta, kuma hakan na buɗe ƙofofin da ba lallai su buɗe wa mutum shi kaɗai ba. Ga mata ma lissafin daban ne. Majalisar dattawa a ƙofar gida ba wurin da uwargida za ta tsaya tambaya ba ne, amma ita tana da abin da kai ba ka da shi: za ta yi sallama ta shige cikin gidaje, inda tsofaffin mata ke riƙe da rabin tarihin da ba a faɗa a zaure. In kun raba aikin haka, da yamma sai ku haɗa labari.

Ka kiyaye 'yan abubuwa. Kar ka ɗauki hoton mutum ko gidansa sai da izini, kar ka ɗaga waya kusa da bariki, ofishin 'yan sanda ko gidan gwamnati. In za ka shiga ƙauye ko ka hau dutse, fara da gidan mai unguwa, kuma kar ka hau sai da ɗan wurin, musamman da damina da ciyawa ta rufe duwatsu. In murfin kwalba ya nuna lungun da hankalinka bai kwanta da shi ba, ka saɓa masa. Ku koma gida kafin magariba.

In kuɗi ya ɗan rage a ƙarshen hutun, maimakon ka sake komawa Yankari, ka bi hanyar Ningi zuwa Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Akwai tsohon gidan Madaki da ake danganta gininsa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kuma yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe. Tafiya ce ta yini ɗaya, a je a dawo. Ka nemi wanda zai yi maka iso tun kafin ka tashi, domin gida ne mai masu shi, ba a faɗa masa kai tsaye.